ZAUREN ILMI: Shiga Jami'a Daban, Fitowa Da Digiri Daban

A wannan wata za mu ɗan yi nisan tafiya, domin maganar da muka ɗauko daga Afirka ta Kudu take. Amma in mai karatu ya yi haƙuri ya bi mu har ƙarshe, zai ga inda ta shafi 'ya'yanmu na Nima da Aboabo da Sabon Zango da sauran zangunan ƙasar nan ta Gana.

Tambayar ita ce: yaron da ya ci jarrabawa, ya sami gurbi a jami'a domin karatun kimiyya, amma da aka fara sai ya bayyana cewa guzurin da ya zo da shi daga sakandare ba zai kai shi ba, yaya za a yi da shi? A kore shi? A bar shi ya yi ta faɗuwa har ya gaji ya bari don kansa? Ko kuwa a sake duba yadda aka tsara karatun? Mutanen Afirka ta Kudu sun shafe shekara arba'in suna fama da wannan tambaya. Sun gwada hanyoyi iri-iri, wasu sun yi kyau, wasu sun ci tura, kuma har gobe suna kan gyara. Masu iya magana kuwa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Bari mu fara da tushen abin. A shekarar 1953 Gwamnatin wariyar launin fata ta kafa dokar da ta ware wa baƙar fata irin nasu ilmi, wanda aka tsara da gangan domin ya zama ƙasa da na Turawa. Ministan da ya ɗauki nauyin dokar, Hendrik Verwoerd, bai ɓoye ba cewa shi bai ga amfanin koya wa ɗan baƙar fata lissafi ba. A 1959 kuma aka yi wata dokar da ta raba jami'o'i bisa launin fata. Sakamakon haka shi ne makarantun baƙar fata suka tashi ba ƙwararrun malaman lissafi, ba ɗakunan gwaje-gwaje, kuma malamin da bai sami karatu mai kyau ba shi ne ya zo ya koyar da na bayansa. Mulkin wariya ya faɗi a 1994, amma kowa ya san rushe gini ya fi tayar da shi sauƙi.

Tun farkon shekarun 1980, da baƙar fata suka fara samun shiga jami'o'in Turawa irin su Kef Tawun da Wits da Natal da Rhodes, malamai suka lura cewa yaran suna da ƙwaƙwalwa, amma akwai rami tsakanin inda sakandare ta ajiye su da inda jami'a take tsammanin ta same su. Da farko sai aka riƙa yi musu ƙarin darasi a gefe, bayan an tashi daga lacca. Wannan bai yi wani tasiri ba, dalili kuwa shi ne yaron da kaya suka riga suka yi wa nauyi, in ka ƙara masa wani ƙunshi ba taimakonsa ka yi ba. Daga nan aka koma ga dabarar ƙara lokaci. Jami'ar Kef Tawun ta buɗe shirin share fagen kimiyya a 1986, Jami'ar Natal ta buɗe nata a Pietermaritzburg a 1991, ita ma Wits ta kafa kwalejin kimiyya a wannan shekarar. Daga 2004 Gwamnati ta fara ware kuɗi na musamman domin irin waɗannan shirye-shirye, abin ya bazu zuwa kusan dukkan jami'o'in ƙasar.

Ga yadda abin yake. Digirin kimiyya na farko a can shekara uku ne. Wanda aka sa cikin shirin nan zai yi shi cikin shekara huɗu, digirin injiniya mai shekara huɗu kuma ya koma biyar. Ba maimaita aji ake yi ba, kuma takardar digirin da za a ba shi a ƙarshe iri ɗaya ce da ta kowa. Ana amfani da ƙarin shekarar ne ta hanyoyi daban-daban. Wani wurin a ɗauki darasin da aka saba gamawa cikin rabin shekara a shimfiɗa shi ya cika shekara, ana tafiya ana cike giɓin sakandare. Wani wurin a bar tsawon darasin yadda yake, amma a ninka sa'o'in zama da malami. Wani wurin kuma a ware darussa sukutum na share fage, a koyi lissafi da karanta littafin kimiyya da rubuta rahoton gwaji da sarrafa kwamfuta. Ajin kan zama ƙarami, malami ya san kowane yaro da sunansa. A taƙaice dai, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

To, shin an dace? An dace ta wani fanni, domin dubban matasa da a da ko ƙofar jami'a ba za su gani ba sun sami shiga, da yawansu kuma sun fito. Amma a 2013 Majalisar Ilmi Mai Zurfi ta ƙasar ta fitar da wani rahoto wanda ya tayar da hankalin kowa. Kwamitin da ya rubuta shi yana ƙarƙashin Farfesa Njabulo Ndebele, tsohon shugaban Jami'ar Kef Tawun. Rahoton ya bi sawun ɗalibai tun daga shigarsu, ya gano cewa a jami'o'in da ake zama a aji, wajen ɗalibi ɗaya ne kawai cikin huɗu ke gama digiri a kan lokacin da aka tsara. Bayan shekara biyar, waɗanda suka gama ba su wuce kashi 48 cikin 100 ba. In aka haɗa da masu karatu daga gida, an ƙiyasta kashi 55 cikin 100 na waɗanda suka shiga ba za su taɓa fitowa da digiri ba. Abin da ya fi ban takaici, cikin matasa baƙar fata da 'yan ruwa biyu na ƙasar baki ɗaya, waɗanda ke kammala wani karatu na gaba da sakandare ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Wani masanin ilmi na ƙasar, marigayi Wally Morrow, ya riga ya ja hankali tun cikin shekarun 1990 cewa shiga jami'a iri biyu ce. Akwai shiga ta ƙofa, watau a ba ka takarda, ka biya kuɗi, ka sami kujera. Akwai kuma shiga cikin ilmin kansa, watau ka gane yadda masu wannan fanni ke tunani, yadda suke kafa hujja, yadda suke bambance gaskiya da zato. Ta farko Gwamnati na iya bayar da ita da alƙalami rana ɗaya. Ta biyu kuwa sai an yi gumi, malami da ɗalibi.

Da aka zauna aka duba shirye-shiryen ƙarin shekara da idon gyara, an ga wuraren da suke yoyo, kuma a nan ne darasinmu yake.

Na farko, an tara taimakon duka a shekarar farko, kamar dai rami ɗaya ne a kan hanyar. Yaro zai yi shekara guda ko biyu cikin ƙaramin aji, kaya daidai ƙarfinsa, malami na kusa. Ran da ya koma cikin sauran ɗalibai sai ya tsinci kansa a ɗakin lacca mai ɗaukar ɗaruruwa, da cikakken nauyin darussa, ba wanda ya san da zamansa. An sha ganin ɗaliban da suka yi fice a shekarar farko sun yi tuntuɓe a nan. Duk wanda ya koyar da lissafi ya san dalili. A matakin farko ana ce wa yaro ga ƙa'ida, yi aiki da ita ka fitar da amsa. A mataki na gaba sai a ce masa kafa hujjar cewa ƙa'idar gaskiya ce. A shekarar ƙarshe kuma a ce ga matsala, kai ne za ka tsara gwajin da zai warware ta. Kowanne daga cikin waɗannan tsalle ne mai zaman kansa. Gyaran da masana suka kawo shi ne a rarraba ƙarin lokacin a tsawon digirin, a ajiye taimako a bakin kowane rami, musamman a darussan shekara ta biyu waɗanda aka san suna kayar da mutane.

Na biyu, maganar tambari. Tun da yake mafi yawan waɗanda ke cikin shirin baƙar fata ne 'ya'yan talakawa, sai ya zamana ana yi musu kallon 'yan aji na biyu. A lokacin boren ɗalibai na 2015 da 2016, wanda ya fara da neman a kawar da gunkin Cecil Rhodes daga Jami'ar Kef Tawun, ya zarce zuwa neman a soke kuɗin makaranta, wannan na cikin ƙorafin da aka ji. Yaron da ya ji an raina shi ba ya ɗaga hannu ya yi tambaya, wanda ba ya tambaya kuwa ya kama hanyar faɗuwa. Sashen kimiyya na Kef Tawun ya zo ya sauya dabara: kowa ya fara tare, aji ɗaya, sai bayan 'yan makonni an yi gwajin farko a zauna da waɗanda abin ya yi wa nauyi a ba su shawarar komawa hanya mai shekara huɗu. Ta haka aikin yaro ne ya nuna inda ya dace da shi, ba sunan makarantar da ya fito ba.

Na uku, maganar malamai. Saboda kuɗin shirin na musamman ne, ana ba da shi wa'adi bayan wa'adi, a wurare da dama sai aka riƙa ɗaukar malaman wucin gadi a kan kwantaragi. Da zarar mutum ya ƙware sai ya sami aiki mai ɗorewa a wani wuri ya tafi da ƙwarewarsa. Alhali koyar da yaron da tushensa ke da rauni ya fi koyar da gwani wuya nesa ba kusa ba. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai an koya mana cewa ajin farko shi ake ba malamin da ya fi kowa iya aiki. Har ila yau, in malaman shirin suna gefe guda, manyan malaman sashe suna wani gefen, ba mai sanin abin da ɗan'uwansa ya koyar, to an yi gada ce wadda ba ta taɓa ɗaya gaɓar ba.

Na huɗu shi ne mafi girma. Shirin an yi shi ne domin 'yan tsiraru, alhali alƙaluman 2013 sun nuna cewa masu buƙatar ƙarin lokaci su ne mafi rinjaye. In ɗalibi uku cikin huɗu ba sa gamawa a kan lokaci, ashe lokacin ne ba a auna daidai ba. Kuma da ma suna yin ƙarin shekarar, sai dai suna yin ta ne ta hanyar faɗuwa da maimaitawa, da kunya da asarar kuɗi. Saboda haka kwamitin Ndebele ya ba da shawarar a juya abin: shekara huɗu ta zama ita ce hanyar kowa, wanda ya nuna ƙarfinsa a ba shi gajeriyar hanya ya gama cikin uku. Da an yi haka, da maganar tambari ta mutu. Gwamnati ba ta aiwatar da wannan shawara ba, jami'o'i suka ci gaba da gyare-gyare kowacce a gidanta.

Yanzu mu dawo gida. Tarihinmu ba irin nasu ba ne, ba wanda ya kafa dokar hana ɗan zango karatu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, kakanninmu da yawa sun guji makarantun mishan saboda tsoron addinin 'ya'yansu, sai a 1987 da aka kafa Sashen Ilmin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilmi ta ƙasa hankalin iyaye da dama ya ƙara kwanciya. Ke nan a gidaje masu yawa yaron da ke shiga jami'a yau shi ne na farko a zuriyarsu, ba wa ko ya da za su gaya masa yadda wurin yake. Ga kuma maganar harshe. Ɗanmu na jin Hausa a gida, Tuwi ko Ga a kan titi, Larabci a makarantar allo, Turanci a aji, kuma Hausa ba ta cikin harsuna 11 da Gwamnati ta ɗauka domin koyarwa a makarantu. Wannan yawan harsuna baiwa ce, amma Turancin littafin kemistiri wani abu ne daban da Turancin hira.

Wani zai ce ai mu digirinmu da ma shekara huɗu ne. Haka ne, sai dai mu tuna inda shekara ta huɗun ta fito. Gyaran ilmi na 1987 shi ya rage karatun kafin jami'a daga shekara 17 zuwa 12, ya soke aji shida na sakandare inda a da ake yin shekara biyu ana zurfafa lissafi da fizis da kemistiri, sannan aka ƙara wa digiri shekara ɗaya a madadinsa. Ke nan shekarar nan ba rara ba ce. A 2007 an mai da babbar sakandare shekara huɗu, Gwamnatin da ta hau a 2009 ta komar da ita uku. Daga watan Satumba na 2017 aka fara karatun sakandare kyauta, yara suka yi yawa har aka shigo da tsarin karɓa-karɓa a 2018. A 2025 kuma Gwamnati ta ɗauke wa ɗaliban shekarar farko na manyan makarantunta kuɗin karatu. Duk waɗannan ƙofa suke faɗaɗawa, kuma mun gode. Tun zamanin Farfesa Kwesi Andam, wanda ya shugabanci KNUST ta Kumashi daga 2002 zuwa 2006, jami'ar ta ware gurabe domin yaran makarantun da ba su da galihu. Wannan ma shiga ce ta ƙofa. Abin da Afirka ta Kudu ta koya da tsada shi ne, duk lokacin da ka faɗaɗa ƙofa, wajibi ne ka sake duba abin da ke bayan ƙofar.

Abin da muka saba da shi a nan shi ne makarantun gyaran sakamako, inda yaron da bai sami C6 a WASSCE ba zai biya kuɗi ya sake zama a watan Nuwamba da Disamba. Wannan na gyara takarda, amma sau da yawa haddar tsofaffin tambayoyi ce. Yaro na iya samun A1 a kemistiri alhali sau nawa ya riƙe kwalbar gwaji da hannunsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ranar da ya shiga ɗakin gwaje-gwaje na jami'a tare da waɗanda suka fito daga manyan makarantu, ranar zai san akwai sauran aiki.

To, mene ne abin yi? Ga hukumomin jami'o'i da hukumar GTEC mai kula da su, roƙonmu uku ne. Su riƙa bin sawun kowane rukunin ɗaliban kimiyya daga shiga zuwa fita, su bayyana wa jama'a nawa suka gama a kan lokaci, nawa suka makara, nawa suka bari, kuma a wane darasi aka fi zubewa, domin da irin wannan ƙidaya ce mutanen Afirka ta Kudu suka farka. Su yi gwaji da wuri a Lebul 100, cikin makonnin farko, kada a jira ƙarshen shekara a liƙa sunayen waɗanda aka sallama. Sannan su buɗe halattacciyar hanya mai ƙarin shekara ga mai buƙata, wadda aka tsara tun daga farko, da ƙwararrun malamai masu aiki na dindindin, da taimako har zuwa Lebul 200 da 300. Kada a kwaikwayi kurakuran da masu abin suka riga suka gano.

Ga masu ba da tallafin karatu, irin su Asusun Raya Zanguna da aka kafa dokarsa a 2017, da asusun ilmi mai ɗauke da sunan Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, da attajiranmu masu taimakawa a ɓoye, muna tunatarwa cewa kuɗin shiga kaɗai ba ya fitar da likita ko injiniya. Wanda zai ɗauki nauyin yaro ya ɗauka har ƙarshe, da wurin kwana da abinci da littattafai, kuma kada a yanke masa tallafi don ya ƙara shekara ɗaya. Ɗalibi biyar da aka kai ga gaci sun fi ashirin da aka bari a tsakiyar kogi.

Ga ɗalibanmu da suka yi gaba, musamman 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA, ku ne kuka san inda ramukan suke. Awa biyu a mako da ɗan Lebul 300 zai zauna da ƙannensa na Lebul 100 su warware lissafi tare, sadaka ce mai gudana. In bayani ya ƙi shiga da Turanci, a juya shi da Hausa, ba laifi ba ne. Mu ma malaman zango muna iya haɗa azuzuwan share fage a watannin da ke tsakanin gama WASSCE da buɗe jami'a, maimakon yaran su yi ta zaman majalisa.

Sai ku iyaye, maza da mata. In yaro ya dawo hutu, kada tambayar ta tsaya a kan yaushe za ka gama. A tambaye shi wane darasi ne ke ba shi wahala, kuma wa ya gaya wa. Yaranmu da yawa na ɓoye faɗuwa saboda tsoron abin da za a ce a unguwa, har sai abin ya fi ƙarfin gyara. In aka ba ɗanku shawarar ya rage darussa ya ƙara shekara, kada ku ɗauka abin kunya ne, kuma kada a matsa wa 'ya mace da maganar cewa lokaci na ƙurewa. Ba wanda ya taɓa tsayar da likita a bakin gadon mara lafiya ya tambaye shi shekara nawa ya yi a makaranta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A nan za mu dasa aya. Mai ƙarin bayani ko saɓanin ra'ayi, musamman malamai 'yan'uwanmu da ɗaliban da ke cikin jami'a yanzu, ya rubuto ta hannun Edita, fili a buɗe yake. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilmi mai amfani, ya sa su gama lafiya. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.